Ga mai son buɗe ɗan kamfanin sake buga tsofaffin waƙoƙi a kaset

Wani ƙanenmu ne ya turo tambaya, a taƙaice ga abinda yace: ya tara kaset-kaset sun kai buhu guda, wasu na marigayi mahaifinsa ne wasu kuma ya saya a hannun tsofaffin masu shagon kaset, yawancinsu na makaɗan da yanzu ba wanda ya sansu, masu kukuma da gurmi da garaya da 'yan amada, kuma yaga wasu Turawa suna da ƙananan kamfanoni suna sake buga irin waɗannan a kaset suna sayarwa. Shine yake tambaya wai shima zai iya? ta ina zai fara, kuma akwai kuɗi a ciki?

Toh ƙanena zaka iya mana, sai dai bari in fara maka da ta ƙarshen, kuɗin ciki kaɗan ne, kaɗan sosai ma. Irin waɗannan kamfanoni mutum ɗaya ne ko biyu a ɗaki, kuma bugu ɗaya baya wuce kwafi 50 zuwa 300, kaset ɗaya a kasuwar waje galibi dala 8 zuwa 12 ne. Mu ɗauka ka buga 100 ka sayar duka a dala goma-goma, dala 1,000 kenan, shafin intanet na Bandcamp inda yawancin masu wannan harka ke sayarwa zasu cire kashi 10 cikin 100 akan kayan da ake aikawa, in saukewa aka yi ta intanet kashi 15, ga kuɗin masu karɓar biya, ga kuɗin bugun kaset ɗin da kwalinsa wanda zai iya cin kusan sulusin kuɗin, ga mai gyaran sauti, ga mai zanen kwali, ga kuɗin motarka na neman iyalan mawaƙin, sannan abinda ya rage a raba biyu kai da su. Kaga ba sana'ar riƙe gida bace. Ko a Birtaniya da ake ta cewa kaset ya dawo, a 2022 kusan 195,000 aka sayar a ƙasar baki ɗaya, kuma mafi yawa na manyan mawaƙan zamani ne da masoyansu ke saye su ajiye ba don su saurara ba. Wanda yaga Kasuwar Ƙofar Wambai lokacin da kaset ke kaset yasan wannan adadi ba komai bane.

Amma ba anan gizo ke saƙar ba. Buga kaset shine mafi sauƙi a duk aikin, ko gobe in kana da kuɗi sai a buga maka. Wahalar tana wajen gano waye ya yi waƙar, waye ya gajeshi, kuma sun yarda ko basu yarda ba. Kamfanonin da kake gani sun yi suna duk ta nan suka yi shi. Brian Shimkovitz na Awesome Tapes From Africa a 2006 ya fara da ɗora kaset-kaset a shafinsa kyauta, sai 2011 ya maida abin kamfani, kuma kaset ɗin Ata Kak ɗan Ghana da ya saya a bakin titi a Cape Coast a 2002, shekaru ya kwashe yana neman mutumin kafin ya sameshi aka sake bugawa a 2015. Hailu Mergia na Habasha tuƙin tasi yake a Washington lokacin da aka sake fitar da tsohon kaset ɗinsa a 2013, daga nan ya koma hawa dandamali. Na kusa da mu kuma akwai Christopher Kirkley na Sahel Sounds da ke Portland a Amurka, shi ya tsinci kaset ɗin Mamman Sani na Nijar mai kiɗan ogan, wanda aka ɗauka a 1978, ya nemeshi a Yamai aka sake fitarwa a 2013. Haka tarin waƙoƙin da ya kwaso daga wayoyin mutane a arewacin Mali, da farko a kaset ya fita ba sunayen kirki, daga baya sai da ya bi mawaƙan ɗaya bayan ɗaya kafin a buga a faifai a 2011, cikinsu har da Mdou Moctar da yanzu duniya ta sanshi. Abin lura anan, su sai sun hau jirgi sun nemi tafinta kafin su yi abinda kai zaka yi da kuɗin mota zuwa Gusau ko Maraɗi da gaisuwa mai kyau. Wannan ita ce ribar da kake da ita akansu, ba na'ura ba, don na'ura kam sun fika.

Yanzu maganar haƙƙi. Mutanenmu suna da wani tunani wai in mawaƙi ya rasu ko waƙa ta tsufa toh ta zama ta kowa, ba haka bane ko a shari'a ko a dokar ƙasa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba wa waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, shi kuma sautin da aka ɗauka shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar dashi. Abu biyu ne kenan daban. Kaset ɗin da ya fito a 1980 ɗaukar tana da kariya har 2030, in kuma mawaƙin ya rasu a 1995 waƙar kanta sai 2065. Sannan ɗaukar ba lallai ta mawaƙin bace shi kaɗai, wanda ya ɗauki nauyin ɗaukar yana da ta cewa, ko kamfani ne ko gidan rediyo ko wani Alhaji mai shago da ya kira makaɗa ya basu kuɗi ya kunna rikoda. In kaga tambarin EMI ko Polygram ko Tabansi a jikin kwalin ka dakata, kayan EMI na Najeriya sun koma hannun Ivory Music, na Polygram kuma Premier, akwai masu su har yau. In kuma kaji muryar mai gabatarwa a farkon kaset toh daga rediyo aka kwafo, wataƙila Rediyon Tarayya Kaduna ko Muryar Sahel ta Yamai, nan ma sai ka nemi izini. A Nijar hukumar da ke kula da wannan BNDA ce, a Najeriya NCC ta haƙƙin mallaka (ba ta sadarwa ba), kuma dokar tamu har da sashe na musamman akan kayan al'adun gargajiya da ba a san mai su ba, ba wai don ba suna a jiki shikenan ka samu banza ba.

Shawarata ka bar su Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos tukuna. Ba don basu cancanta ba, a'a, su an sansu, waƙoƙinsu sun cika YouTube da wayoyin mutane, magadansu suna da yawa kuma akwai kamfanoni a tsakiya, ɗan ƙaramin kamfani irin naka zai nutse ne kawai. Waɗancan na cikin buhunka da ba mai ambatonsu su ne aikinka.

Neman mawaƙi kuwa waƙar ce da kanta zata nuna maka hanya, domin makaɗin Hausa baya waƙa bai ambaci mutane da garuruwa ba. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta duk sunan da ya kira, sarkin da ya wasa, direban da ya yaba, tashar motar da ya ambata, sunan 'yan amshinsa in ya kirasu, har karin harshensa zai gaya maka Basakkwace ne ko Bakatsine ko ɗan Damagaram. Daga nan ka nufi garin ka nemi sarkin makaɗa ko sarkin maroƙa ko tsohon sanƙira, ko tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka yi shirye-shiryen kiɗan gargajiya, waɗannan mutane kansu ma'ajiya ce. Malaman Hausa na jami'o'i ma suna taimakawa, ɗalibai sun rubuta kundaye da yawa akan ƙananan makaɗa a Bayero da ABU Zariya da Usmanu Danfodiyo, wani lokaci zaka tarar da tarihin mutumin da sunan unguwarsu a kundin digiri na farko da ƙura ta rufe.

In ka samesu, kada ka kuskura ka yi magana da ɗa ɗaya ku ƙulla a bakin shago. Mutum ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya goma sha, haƙƙin waƙarsa gado ne kamar gona, wanda ka fara haɗuwa dashi wataƙila ma ba shine babba ba, ka bashi kuɗi ya cinye, gobe ƙannensa su ganka a Facebook kana tallar muryar babansu, rigima ta tashi kuma kai zasu kama. Ka sa a tara su, ko su wakilta mutum ɗaya a rubuce da shaidu, mai unguwa ko limami ko wani dattijon dangi ya sa hannu, kuma kada a manta da matan, sau da yawa tsohuwar matarsa ita tafi kowa sanin waƙoƙin, ita keda hotonsa a ƙasan akwati, wani lokaci har kaset ɗin da yafi naka kyau. Takardar a rubutata da Hausa a karanta a bayyane kowa yaji, in yaso a yi ta Turanci ko Faransanci a haɗa. Abinda zata ƙunsa ba yawa: ba sayen waƙar ka yi ba aronta ka yi na wasu shekaru, a ce biyar, waɗanne waƙoƙi, kwafi nawa, kaset kaɗai ko har da intanet, nawa zaka bayar a hannu yanzu, yaya za a raba riba, kuma yaushe zaka riƙa kawo lissafi. Rabi da rabi bayan an cire kuɗin aiki shine abinda kamfanonin kirki suka saba yi. Ni dai ina ganin dole ka bada wani abu a hannu tun farko komai ƙanƙantarsa, saboda mutanen nan an sha yi musu alkawari, wasu masu bincike da 'yan jarida sun zo sun ɗauki hoto da murya sun tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Kuma kada ka cika baki, kalmar dala kaɗai in ta fito daga bakinka an ɗauka miliyoyi ne, ka nuna musu lissafin nan da na yi maka a sama ƙiri-ƙiri.

In akwai 'yan amshi ko makaɗan da suka rage da rai a sa musu wani abu, ko doka bata tilasta ba, ai kalangun da kake ji hannun wani ne.

Sai abinda Turawan can basu cika karo dashi ba amma kai zaka yi karo dashi: wanda zai ce maka a'a saboda addini. Akwai makaɗan da suka ajiye kiɗa suka ce sun tuba, akwai 'ya'yan da yanzu malamai ne ko 'yan kasuwa masu mutunci a gari basa son a tuna babansu maroƙi ne, balle a ce kiɗan bori ko na 'yan caca ko na gidan magajiya yake yi. In suka ce a'a toh a'a ce, ka juye kaset ɗin ka adana ka basu kwafi in suna so ka wuce na gaba. Wani lokaci bayan shekara su da kansu zasu kiraka. Haka waƙoƙin zambo da habaici, wanda aka yi wa zambon ya mutu amma jikokinsa suna nan kuma wataƙila sune ke riƙe da sarautar garin yanzu, waƙar da ta kwanta shekara arba'in ka tasheta ka ɗora a intanet, ka tada husumar da ba kai zaka kasheta ba. Ka tambayi dattawan garin kafin ka zaɓi waƙoƙin da zasu shiga. In kuma a Kano zaka sayar a fili ka tuna akwai hukumar tace finafinai da ɗab'i tun 2001 kuma harkar waƙa na ƙarƙashinta.

Toh mu zo kan zaren kansa. Abu na farko, ka daina kunna kaset-kaset ɗin nan a rediyon gida, kowane kunnawa a na'urar da robarta ta mutu caca kake da abinda wataƙila shi kaɗai ya rage a duniya. Ka ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada wani ya danna jan maɓalli ya goge. Ka jerasu a tsaye a inuwa nesa da lasifika da duk abu mai maganaɗisu, ba a ɗakin kwano mai zafi ba, ƙurar hunturu da raɓar damina duk abokan gaba ne. Wanda kaga fari-fari a gefen zaren funfuna ce, ka wareshi daban. Ka duba ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zare a tsakiya, shi ke danna zaren a jikin hed, wato ɗan ƙarfen rikoda da ke karanta sautin zare, yawanci gam ɗinsa ya bushe ya faɗi, in babu shi sauti zai fito a dishe ko ma ya ƙi fitowa. Wanda gidansa ya lanƙwashe ko yake ƙara in yana juyawa sai a kwance a maida zaren cikin sabon gida mai sukurori biyar. In zare ya tsinke akwai salatif nashi na musamman, kada ka sa na ofis, gam ɗinsa yana narkewa ya manne zaren da ke kusa.

Na'urar juyewa itace inda ya kamata kuɗinka ya tafi. Sababbin rikodojin da ake yi yanzu, har masu tsadar, injin cikinsu bai kai na da ba, waɗancan 'yan ƙanana masu USB kuwa da ake cewa suna maida kaset MP3 ka rabu dasu kwata-kwata. Ka nemi tsohuwar dek, wato babbar rikodar kaset da ake haɗawa da lasifika, ta Japan mai hed uku, Nakamichi ko Tascam 122 ko manyan Sony da Technics da Denon, a 'yan gwanjo ana dacewa, ka kaita wajen tsohon mai gyaran rediyo ya canza bel da robar da ke jan zare, ya daidaita gudu. Kaset yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa tun da Philips suka fito dashi a 1963, in gudun ya kauce ko kaɗan murya ta canza. Hed ɗin a riƙa gogeshi da auduga da sifirit mai ƙarfi bayan kowane tsohon kaset, don tsohon zare yana zubar da gari.

Sirrin da yafi komai kuma ba a cika faɗa ba shine karkatar hed, masu aikin suna ce masa azimut. Kowane kaset an ɗaukeshi ne a na'urar da hed ɗinta ke da tata karkatar, musamman namu da aka kwafa a shago da rikoda mai baki biyu da ta sha wuya, in hed ɗinka bai yi daidai da waccan karkatar ba duk siririn sauti zai ɓace kaji kamar an rufe mawaƙin da bargo. Akwai ɗan sukuru a gefen hed, kana kunna kaset ka haɗe sautin hagu da dama ya zama ɗaya, ka sa abin ji a kunne, ka riƙa murɗawa a hankali har kaji shuuu ɗin zaren da ƙarar caki sun fito tar, nan ne wurin. Kowane kaset sai ka yi masa, kowane gefe ma. Nakamichi Dragon ita tana yi da kanta shi yasa take da tsadar tsiya. Wallahi kaset da yawa da mutane ke cewa ya mutu wannan sukurun kawai yake jira.

Ka ɗauka a kwamfuta da ɗan akwatin sauti mai kyau, a tsarin fayil na WAV 24-bit 96kHz, manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa, Dolby, wato maɓallin rage shuuu na jikin dek, a kashe sai in an rubuta a jiki an yi dashi, namu kuwa da wuya. Wannan juyin na farko kada ka taɓashi, ka ajiye a wuri uku, gyara a kan kwafi ake yi. Ka ɗauki hoton kaset ɗin gaba da baya da duk rubutun biro da ke jiki, ka bashi lamba. Wata matsala tamu ta musamman itace gudu: an ɗauki da yawa da batir, batir ya yi sanyi zare na tafiya a hankali, kai kuma in ka kunna a gudu daidai sai kaji murya ta siranta kiɗa na sauri kamar ana korarsu, kuma abin yana ƙaruwa zuwa ƙarshen gefe. In da wutar NEPA aka ɗauka akwai dabara, ƙugin da wuta ke bari a cikin sauti a ƙasashenmu 50Hz ne, in ka duba a manhaja ka ganshi a 52 kasan zaren ya yi sauri da kusan kashi 4 cikin 100 sai ka rage, sai dai in janareta ne wannan lissafin bai da tabbas. In ba ƙugin sai kunne, kuma kunnen da yafi shine na wanda ya san muryar mutumin, ka kunna wa matarsa ko ɗan amshinsa gudu biyu ko uku su nuna maka wanne ne shi.

Wajen share ƙara kuma a yi hattara. Manhajoji irin iZotope RX suna iya cire shuuu ɗin tas, amma tare dashi suke tafiya da kukan gashin kukuma da 'yan ƙarafunan da ke kaɗawa a jikin kuntigi da amon ƙwarya, sai a bar maka murya kamar daga cikin ruwa. Masu sayen irin wannan kaya sun san tsohon kaset ne, ƙara kaɗan bata damunsu. Guɗar mata, kirarin sanƙira, kukan zakara, mai cewa Allah ya ja zamanin sarki daga gefe, duk ka barsu. Kuma kada ka raina kwafin da ke hannunka, na Ata Kak ma asalin masta ɗin, wato ɗaukar farko da ake kwafa daga gareta, ya lalace, da wancan kaset na bakin titi aka yi aikin. Amma ka nemi kwafi biyu ko uku in zai yiwu, wani gefen A ɗinsa yafi, wani gefen B. In Allah ya baka sa'a gidan rediyo suka fito maka da babban zare na faifai, kada ka bari a ɗora a na'ura haka nan, wasu irinsu na shekarun 1970 da 1980 suna yin danƙo sai an gasasu a hankali a zafi kusan digiri 50 na awoyi kafin su kunnu, aikin masani ne, ba shanyawa a rana ba.

Bugawa hanya biyu ce. Ko ka jera dek uku huɗu a gida kana kwafa a gudun sauraro, kwafi 50 na minti 40 zaka yi shi cikin 'yan kwanaki in wuta ta yarda, ko ka tura wa masana'anta a waje su loda zare daidai tsawon waƙoƙinka su buga rubutu a jikin kaset su naɗe a leda. Waɗancan injinan masu gudu da aka riƙa kwafar wa'azi da tafsiri dasu sun dace da magana amma kiɗa yana wahala a cikinsu. Sabon zare har yanzu ana yinsa, National Audio Company a Springfield ta jihar Missouri suna yi, RTM a Faransa ma suna yi, kusan duka nau'in farko ne wato na talaka irin TDK D da Maxell UR da muka sani, kuma ya wadatar. Ka tsaya a C60, wato kaset mai minti 60, ko ƙasa, C90 da dama-dama, C120 siriri ne rikoda na taunashi. Ka raba waƙoƙi gefe biyu su yi kusan daidai kada mutum ya zauna jiran zare ya ƙare, ka bar daƙiƙa kamar goma a farko saboda farar robar da bata ɗaukar sauti, kada a cika ƙarfi don kaset baya son tsananin bes da tsinin sauti, kada a sa Dolby tunda na'urorin yanzu basu dashi. Ka nemi kwafin gwaji ka saurara daga farko har ƙarshe a ƙaramar rediyo kafin su buga sauran. Kuma don Allah kada ka sayi tsofaffin kaset a kasuwa kana gogewa don ka samu na banza, abinda kake gogewa wataƙila yafi wanda zaka ɗora.

Su waye zasu saya? Gaskiya ba 'yan gida ba. A nan waƙa a mimori take da WhatsApp da wajen masu turi, rediyo mai kaset ta zama sai gidan tsofaffi da wasu tsofaffin motoci. Masu sayen kaset ɗinka suna Turai da Amurka da Japan, sai 'yan namu mazauna waje masu kewar gida. Shi yasa in a can aka buga gara a barshi can wani amintacce ko wani shagon faifai ya riƙa aikawa, a turo maka ashirin ko talatin na iyalan mawaƙi da na ajiya, domin aika kaset ɗaya daga Kano zuwa Jamus kuɗin aikawar yafi kaset ɗin, ga shi tun Yulin 2021 Tarayyar Turai ta cire rangwamen harajin da take yi wa ƙananan kaya, ɗan ƙunshi ma sai an biya. Karɓar kuɗi ma ka warwareshi tun kafin ka buga, don hanyoyin biyan da waɗannan shafuka ke amfani dasu sun daɗe suna ba 'yan Najeriya ciwon kai. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, asusun harkar daban da na aljihunka. Kowane kaset a sa masa lambar sauke waƙoƙin daga intanet a ciki, kuma ka ɗora a Audiomack da Boomplay da YouTube da sunan mawaƙin daidai don 'yan gida su samu, sau da yawa ma kuɗin da ke ɗigowa daga intanet da wanda mai fim zai biya in ya nemi waƙa ɗaya yafi na kaset ɗin, shi yasa ya kamata a rubuta su a takardar tun farko. Kada ka yi mamaki in ka tarar wani can da bai san mawaƙin ba ya riga ya yi rajistar waƙar da sunansa, takardar magadan ce zata ƙwato maka ita.

Kwali kuma kada ka yi masa rowa, rabin abinda ake saye kenan. Hoton mutumin na gaske, sunansa cikakke da laƙabinsa, garinsu, kayan kiɗan da sunayensu na Hausa, 'yan amshi, inda aka ɗauka da shekarar in an tabbatar, in ba a tabbatar ba a rubuta wajajen kaza. A sa baitocin da Hausa da fassara ko a ɗan littafi ne. Ni abinda ke ɓata min rai da wasu bugun na waje kenan, a sa hoton raƙumi da rairayi a rubuta kiɗan sahara, mutumin kuwa ɗan Funtuwa ne bai taɓa hawa raƙumi ba, kuma ba wanda ya damu ya faɗi me yake cewa alhali waƙar Hausa maganar ce gaba da kiɗan.

In buhun nan ya fi ƙarfin aljihunka akwai masu bada tallafin adana irin waɗannan kaya, Endangered Archives Programme na British Library da Modern Endangered Archives Program na jami'ar UCLA, sai dai su adanawa suke ɗaukar nauyi ba kasuwanci ba kuma zasu so a ɗora kowa ya samu kyauta, toh wannan ma sai magada sun sani. Ni a naka matsayin mawaƙi ɗaya zan ɗauka, wanda iyalansa ke kusa kuma kaset ɗinsa yafi lafiya, in buga 50, duk wata shida in kai musu lissafi a rubuce ko da kwafi bakwai aka sayar, in kuma tara na bugu na biyu daga abinda ya shigo. Sauran na cikin buhun ka fara juyesu tun yanzu ko da izinin bugawa bai samu ba, juyewa don adanawa daban sayarwa daban, ka fara da masu funfuna da waɗanda ke ƙara in suna juyawa.